Yadda ake tattara tarihin gandun kiwo mai saukar baƙi tun tsofaffin gidan suna raye

A yammacin Amurka, wajen jihohin Wayomin da Montana da Kolorado har zuwa Arizona, akwai wani irin gida da asalinsa gandun kiwon shanu da dawaki ne amma iyalin gidan suna saukar baƙi, mutum ya biya kuɗi ya zo ya yi sati ɗaya ko biyu, a ba shi ɗakin katako, a ware masa doki nasa, ya ci abinci tebur ɗaya da masu gida. Su can suna ce masa dude ranch, kuma dude ɗin nan suna ne da kaboyi suke kiran ɗan birni wanda ya zo daga gabas bai san yadda ake ɗaura sirdi ba. Abun ya samo asali ne daga wasu 'yan uwa uku 'yan gidan Eaton, Howard da Willis da Alden, mutanen Pittsburgh, da suka kafa gandu kusa da Medora a yankin Dakota wajen 1879, abokai suka yi ta zuwa suna cin abinci kyauta har wani baƙo Bert Rumsey ya dage sai ya biya a 1882. A 1904 suka koma Wolf a Wayomin kuma har yau zuri'arsu ce ke riƙe da wurin.

Ni na yi aikin hutun bazara sau biyu a irin wannan gida, a kicin na fara, daga baya tsohuwar gidan ta ga ina da haƙuri da takardu ta ce in taya ta gyara akwatunan da ke saman barga. Abun da na koya a wannan aikin shi zan rubuta, saboda duk wanda ya samu kansa a irin wannan hidima, ko ɗan gida ne ko ma'aikaci ko ɗalibin da aka ba aikin bincike.

Mataki na farko, ka zauna da iyalin a yi magana kafin ka taɓa komai

Ka tambaye su wa za a yi wa aikin. Jikoki ne za su karanta, ko baƙi ne za a ajiye wa littafi a falo, ko so suke a kai ma'ajiyar tarihi ta jami'a. Amsar nan ita ke nuna maka abun da za a faɗa da wanda za a rufe, domin gidan da ya shekara ɗari ba a rasa rigimar gado, ba a rasa saki, ba a rasa shekarar da banki ya kusa ƙwace fili. A samu mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi wanda zai yanke hukunci in an yi saɓani, in ba haka ba wallahi za ka yi wata uku kana aiki wani kawu ya zo rana ɗaya ya ce shi bai yarda ba. Kuma tun a nan a rubuta wa ke da mallakar hotuna da muryoyin da za a ɗauka.

Mataki na biyu, tsofaffi tukuna, takarda ta jira

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yin kuskure, sai su fara da sikanin hotuna saboda ya fi sauƙi, alhali takarda in ta yi shekara tamanin a akwati za ta ƙara ɗaya ba abun da zai same ta, amma dattijo ɗan shekara tamanin da bakwai ba ka da tabbacin hunturu mai zuwa. Ka rubuta sunayen duk wanda ya haura saba'in, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya. Kada ka tsaya kan 'yan gida kawai, ka nemo tsohon mai kula da dawaki, da kukun da ta yi shekara ashirin tana dafa wa mutum sittin abinci sau uku a rana, da maƙerin da ke zuwa sa wa dawaki takalmi, da maƙwabcin da suke raba ruwan rafi, da baƙin da iyayensu suka kawo su suna yara yanzu su ma suna kawo nasu jikokin. Sau da yawa ma'aikaci ya fi mai gida sanin yadda gidan ke tafiya.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya mai kyau ta isa, in ka samu ƙaramar rikoda da makirfo na maƙalawa a riga ya fi, ka ɗauka a tsarin WAV saboda ba ya matse murya. Ka kashe fanka da rediyo, ka nisanci firji. Hirata ta farko a kicin na yi ta, awa ɗaya da rabi, da na dawo saurare ƙugin firji ya cinye rabin maganar tsohuwar, kuma labarin da ta ba ni ranar na yadda mahaifinta ya fito da dawaki daga barga lokacin gobara bata sake ba da shi da irin wannan daɗin ba, har yau abun yana damuna. Da ka kunna rikoda ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke da sunan mai magana, sannan a sa hannu a takardar izini, gajera ce, tana cewa ya yarda a ajiye muryarsa kuma ga inda ya yarda a yi amfani da ita.

Tambaya kuma kada ka ce "ba ni tarihin gidan nan", za a ba ka labarin da ake ba baƙi a bakin wuta kowane dare, wanda ya riga ya goge saboda maimaitawa. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Ƙarfe nawa ake tashi a je a koro dawaki daga makiyaya, wa ke tashi ya hura wuta, me ake ci ranar Lahadi, wane doki ne ake ba yaro mai tsoro, ina ake samo ƙanƙara kafin a kawo lantarki, wace shekara aka kawo lantarkin ma. In ya yi shiru ka ƙyale shi, kada ka cike shirun da surutunka. Akwai wani tsoho mai dawaki da na zauna da shi a falo ya yi ta ba ni amsa da e da a'a, kashegari na same shi a ɗakin sirdi yana ɗinke linzami da basilla, yana aiki yana magana, ya ɗaga wani tsohon sirdi ya nuna min inda fatar ta lotsa ta gefe ɗaya ya ce mai shi ya taɓa karya ƙugu shi ya sa yake zama a karkace, daga nan ya kawo min sunan mutumin da shekarun da ya yi a gidan da dalilin tafiyarsa. Tun daga ranar na daina hira a kujera, kowa ina bin sa inda hannunsa ya saba. Kada hira ta wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi, gara ka dawo sau uku.

Mataki na uku, littafin baƙi da sauran takardun gida

In gidan yana da littafin rijistar baƙi to ka samu ƙashin bayan aikinka gaba ɗaya. A ciki za ka ga wa ya zo, daga wane gari, ya kwana nawa, wani lokaci har da dokin da aka ba shi. A da baƙi ta jirgin ƙasa suke zuwa daga Niyok da Shikago da Boston su yi wata guda ko bazarar gaba ɗaya, shi ya sa ma kamfanin jirgin Northern Pacific ya sa hannu wajen taron da aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje, Dude Ranchers' Association, a garin Bozeman a 1926, su suna samun fasinja masu gida suna samun baƙi. In ka bi littafin shekara bayan shekara da idonka za ka ga inda abubuwa suka juya, shafuka sun yi ƙaranci bayan 1929 da tattalin arziki ya karye, sun sake raguwa lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya kuma kwanakin zama suka gajarce da mutane suka koma zuwa da mota.

Bayan shi sai littafin kuɗi, rasit na ingirici da hatsi, littafin dawaki, wasiƙun baƙi masu neman a ajiye musu ɗaki, takardun talla na kowace shekara masu ɗauke da farashi, da katunan girki. Katin girkin da ya fi maiƙo da datti shi ne wanda aka fi dafawa, kada ka raina shi.

Doka ɗaya a nan, kada ka wargaza tsarin da ka tarar. In ka buɗe akwati ka ɗauki hotonsa yadda yake, ka ba shi lamba, ka rubuta inda ka same shi. Ni na taɓa cire hotuna daga wani ambulan na jera su bisa yadda nake ganin shekarunsu, ashe duk na cikin ambulan ɗin na tafiya ɗaya ce da aka yi kan dutse, da na gauraya su da wasu sai da muka yi kwana biyu muna mayarwa kuma akwai guda huɗu da ba mu tabbatar ba. Sannan in akwatin ya daɗe a barga ko rumbu kuma ka ga kashin ɓera, kada ka share da tsintsiya, a yankin akwai cutar huhu da ake ɗauka daga ƙurar kashin ɓera, sunanta hantavirus, ka buɗe ƙofa iska ta shiga, ka sa takunkumi da safar hannu, ka jiƙa wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka goge.

Mataki na huɗu, ka gwada labarin baka da takardun hukuma

Kowane gida yana da shekarar da yake cewa an kafa shi, kuma sau da yawa shekarar tana kan allon bakin ƙofa, amma sai ka bincika. A ƙarƙashin dokar rabon filaye ta 1862 gwamnati tana ba mutum eka 160 in ya zauna ya yi aiki a wurin shekara biyar, dokar 1909 ta kai eka 320, ta 1916 wadda aka yi domin masu kiwo ta kai 640. Takardun mallakar farko suna shafin intanet na hukumar kula da filayen tarayya, BLM, kyauta, ka sa sunan kakan da jiha ka gani. Ka lura takardar tana fitowa ne bayan an cika shekarun zama, saboda haka ranar da ke jikinta ba ita ce ranar zuwansu ba, cikakken fayil ɗin yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa kuma a ciki ne za ka ga bayanin girman ɗakin farko da shaidar maƙwabta. Cinikin fili na baya kuma yana ofishin magatakardan gunduma.

Sai ruwa. A yammacin Amurka wanda ya riga yin rijistar amfani da ruwa shi ke da haƙƙin farko in an yi fari, don haka kowane gandu ya san shekarar haƙƙin ruwansa kamar yadda ya san sunansa, a Wayomin ofishin injiniyan jiha ke riƙe da wannan. Sai lalas, wato tambarin da ake ƙona wa dabba da ƙarfe, yawancin jihohin yankin suna da littafin rijistarsa, za ka ga wa ya fara yin rijista da shekarar da ya koma hannun ɗa ko 'ya. In suna kiwo a dajin gwamnati akwai takardun izini. Ƙidayar jama'a ana sakinta bayan shekara 72, ta 1950 ta fito a 2022, a nan za ka ga har ma'aikatan da ke kwana a gidan. Tsofaffin jaridun ƙauye kuma suna shafin Chronicling America na ɗakin karatun majalisa, kuma jaridun nan ba abun da ba sa bugawa, har wane ya sauka a jirgi zai yi wata a gidan wane.

In takarda ta saɓa da bakin tsohuwa kada ka je ka ce mata ta yi kuskure. Ka rubuta duka biyun, iyali suna cewa kaza, takardar fili ta nuna kaza. Wani lokacin ma duk gaskiya ne, ɗaya shekarar zuwa ce ɗaya shekarar karɓar baƙo na farko.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai wannan aikin kada ya tsallake, tarihin filin bai fara da kakan gidan ba. Wuraren nan ƙasar ƙabilun 'yan asalin Amurka ce, Crow da Cheyenne da Lakota da Shoshone da sauransu, yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta amince wa Lakota da yankin kogin Powder, bayan yaƙin Little Bighorn na 1876 aka ƙwace. Ka nemo ƙabilar da ke wurin ka rubuta sunanta, mafi yawansu suna da ofishin adana tarihi da za ka iya tuntuɓa. In an tsinci kan kibiya ko wani abu a filin kada a sake kwashewa, a ɗauki hoto a rubuta wurin.

Mataki na biyar, hotuna da finafinai

Ka yi sikanin a 600 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, ka ajiye asali a tsarin TIFF wanda ba ya rage ingancin hoto, ka yi ƙaramin kwafi na JPEG don rabawa, kuma ka yi sikanin bayan hoton ma in akwai rubutu. Sunan fayil ya fara da shekara sannan lambar akwati. Amma babban aikin shi ne sa suna, hoton da ba a san waɗanda ke ciki ba rabinsa ya mutu. Ka buga kwafi a takarda babba ka kai wa tsofaffi biyu ko uku tare, ka kunna rikoda, su yi ta gardama, a gardamar nan sunaye ke fitowa. Abun mamaki sukan tuna sunan dokin kafin na mutumin da ke kai, to ka rubuta na dokin, littafin dawaki zai ba ka shekarun.

Kada a yi laminetin, kada a sa salatif, kada a yi rubutu da biro a bayan hoto sai fensir mai laushi. A sa a kwali da ambulan marasa asid, a ajiye cikin gida inda ba zafi ba laima, ba saman barga ba. Fim ɗin da ka ji yana warin tsami irin na binigar ya fara lalacewa, a ware shi a gaggauta kwafe shi. Tsofaffin negatif na kafin wajen 1950 wasu da sinadarin naitret aka yi su kuma suna kama wuta, a nemi shawarar ma'aikacin ma'ajiya. Kaset na bidiyo ma a juye su yanzu. Duk abun da ka juye ka yi kwafi uku, biyu a na'urori daban, ɗaya a wani wuri nesa da gandun, saboda gobarar daji a yankin ba labari ba ce.

Mataki na shida, al'adun gida, waɗanda ba wanda ya taɓa rubutawa

Wannan ɓangaren sai ka zauna bazara guda kana kallo. Abubuwan da 'yan gida ba sa ganin al'ada ce saboda kullum ake yi, su ne al'adar. Ƙararrawar cin abinci wa ke kaɗa ta kuma sau nawa, kujerar da ba mai zama sai mai gida, yadda ake kallon baƙo a zaɓa masa doki ranar farko, rawar daren Asabar, gashin nama a bakin rafi, waƙoƙin bakin wuta, ranar lalas da maƙwabta ke taruwa a yi gayya, abun da ake yi wa tsohon doki in ya gaji da aiki. Gidan Eaton misali duk shekara wajen ƙarshen Mayu suna koro garken dawakinsu daga makiyayar hunturu su ratsa ta cikin garin Sheridan mutane su fito kallo, irin wannan kowa ya sani, amma kowane gida yana da nasa ƙanana. Ka ɗauki bidiyo daga farko har ƙarshe ba guntu ba, ka ɗauki sauti kaɗai ma, ƙarar kofato da asuba da fito da ihun masu kora. Kowace al'ada ka tambayi wa ya fara ta, me ya canza, me aka daina kuma don me.

Ka ɗauki taswira ka hau doki ko mota da wanda ya fi kowa sanin filin, ya faɗa maka sunan kowane tudu da kwari da mashaya, yawancin sunayen ba sa kan taswirar gwamnati, a bakin mutum uku ko huɗu kawai suke. Haka ɗakunan baƙi, kowanne da sunansa da shekarar gininsa da wanda ya sassaƙa gungumen.

Mataki na bakwai, haɗawa da ajiyewa

Ka fara da jerin shekaru a shafi biyu ko uku, kowane layi da inda ka samo shi. Daga nan ka rubuta hirarrakin, yana cin lokaci, awa ɗaya ta magana tana iya cin awa huɗu ko fiye, manhaja za ta taimaka amma sai ka bi da kunne saboda tana ɓata sunayen dawaki da wurare. Ka mayar wa kowa nasa ya duba. Littafin da za ka fitar kada ya zama takardar talla, a sa shekarun fari da bashi da haɗarin da aka yi, a sa sunayen mata da ma'aikata, domin a yawancin gidajen nan matar gida ce ke riƙe da lissafi da wasiƙu da kicin amma hoton mijin ne a bango. Sunayen baƙi masu rai kuma sai da izininsu.

Asalin takardun a yi shawara ko za a ba ma'ajiya, cibiyar American Heritage Center ta jami'ar Wayomin a Laramie tana karɓar irin waɗannan, haka ƙungiyar tarihi ta Montana a Helena, kuma ana iya sa sharaɗi a takardar kyautar cewa wani akwati kada a buɗe sai bayan shekaru kaza. In gine-ginen sun haura shekara hamsin ana iya neman a sa su a rijistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1966, ta hannun ofishin adana tarihi na jiha, in kuma filin ya shekara ɗari a hannun iyali ɗaya jihohi da dama suna ba da shaidar girmamawa, takardun da ka tara a mataki na huɗu su za a nema.

Kafin ka tafi ka damƙa aikin a hannun mutum ɗaya daga matasan gidan, ka nuna masa inda kwafi ukun suke da yadda ake sa sunan fayil. Ku sa rana ɗaya duk shekara, bayan baƙon ƙarshe ya tafi a watan Satumba, a zauna a sa hotunan bana da sunayensu, a rubuta dawakin da suka shigo da waɗanda suka mutu, a yi hira da mutum ɗaya, sannan a sayi sabon littafin baƙi na takarda a ajiye a teburin shiga ko da ana yin rijista ta kwamfuta.